Yadda muka yi wa ƙungiyar kula da tsofaffi rajista a Maraɗi

Tun lokacin da labari ya bazu cewa ƙungiyarmu ta masu aikin sa kai don kula da tsofaffi ta samu takardar izini, mutane daga unguwanni daban-daban na Maraɗi, har da wasu daga Tibiri da Madarunfa, suke tare ni da tambayar ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, kuma wane ofishi ake fara shiga. Amsar ta fi ƙarfin hirar bakin masallaci, saboda haka na ga ya dace in rubuta ta daki-daki yadda ta faru, tunda ni ne magatakardan ƙungiyar, kuma kusan kowace takarda ta bi ta hannuna. Hanya biyu ake bi a lokaci guda: akwai takardun ƙungiya, akwai kuma takardun su kansu tsofaffin da ake son a taimaka wa. Ta biyun ce ta fi cin lokaci da haƙuri, ko da yake ba a kanta mutane ke tambaya ba.

Maganar ta taso ne cikin azumin 2024. Mafi yawan tsofaffin garin nan suna hannun 'ya'yansu da jikokinsu, kuma ba wanda ke neman ya karɓi wannan nauyi daga hannun dangi. Amma a kowane lungu akwai tsohuwar da mijinta ya rasu ba ta da ɗa a raye, da dattijon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani Agadas ko Libiya ko Kano, saƙo kan zo wani lokaci, wani lokaci kuma shiru. Rufe iyaka da Najeriya daga tsakiyar 2023 zuwa watan Maris na 2024 ya taɓa aljihun kowa a Maraɗi, domin gari ne da ke rayuwa da fatauci, kuma idan aljihun maƙwabci ya yi sanyi, kwanon da ake aika wa tsohuwar gidan gaba ne ke fara raguwa. Fansho kuwa sai wanda ya yi aikin gwamnati ko na kamfani, alhali yawancin iyayenmu manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Tun 2018 ƙasarmu ke da dokar da ta shimfiɗa ka'idojin kare marasa ƙarfi, amma tsohon da ba ya iya fita zaure sai wani ya kama hannunsa kafin ya kai inda dokar za ta amfane shi.

Mun fara da mai unguwa, kuma ina ba kowa shawara ya fara daga nan, ko da yake babu wani ofishi da ya nemi sa hannunsa a matakin farko. Mu huɗu muka je bayan sallar la'asar, tare da na'ibin limamin masallacinmu. Bayan gaisuwa na ce, “Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da shawara ne, muna so mu riƙa leƙa iyayenmu da ƙarfi ya ƙare musu.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kafa mana sharaɗi uku waɗanda daga baya muka shigar da su cikin dokokinmu: kada mu shiga gida sai da yardar maigidan ko babban dangi, mata su je wurin mata maza su je wurin maza, kuma kada a ɗauki hoton kowa yana karɓar wani abu. Ya haɗa mu da wani dattijo da ya san kowane gida, shi ya riƙa yi mana sallama. Ba mu biya komai ba in ban da goron gaisuwa.

Zagayen gidajen ya ci mana kusan duk bazara, da yamma muke fita saboda zafi. A nan muka ga yadda kunya ke rufe buƙata. Wata tsohuwa da kowa ya san tana kwana da yunwa ta ce wa 'yar'uwarmu, “'Yata, ni ban kai ga bara ba, Allah ya yi muku albarka.” Sai da aka yi ta komawa gaishe ta kawai, ba littafi ba alƙalami, kafin ta faɗi cewa abin da ya fi damunta idonta ne da ya yi yana, ba ta iya zuwa famfo. Da muka tattara abin da muka ji daga tsofaffi kusan 30, mun tarar abinci ba shi ne kan gaba ba. Mafi yawansu suna neman wanda zai raka su asibiti ya tsaya musu a layi, wanda zai karanta musu takardar magani da aka rubuta da Faransanci, wanda zai ɗebo ruwa, da wanda zai duba rufin ɗaki kafin damina. Wannan ya sauya mana tsari gaba ɗaya, domin ya nuna cewa jarinmu lokacin mutane ne, kuɗi na biye.

Bayan ƙaramar salla muka kira taron kafa ƙungiya a farfajiyar wata makarantar Islamiyya. Dokar da ke tafiyar da ƙungiyoyi a Nijar ita ce mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, tun zamanin Seyni Kountché, wadda aka yi wa gyara a 1991, kuma ta tanadi cewa sai an sanar da hukuma kafuwar ƙungiya an kuma ba ta izini kafin ta fara aiki da sunanta. Takardun da ake buƙata daga taron su ne dokokin ƙungiya, dokokin cikin gida, rahoton taron kafawa, da jerin shugabanni mai ɗauke da sunan kowa, ranar haihuwarsa da wurinta, sana'arsa da mazauninsa. Duka da Faransanci ake miƙa su. Mu da Hausa muka fara rubuta su, aka karanta wa taro sashi-sashi, aka yi gardama aka gyara, sannan wani tsohon malamin makaranta ya mayar da su Faransanci. Na san ƙungiyoyin da suka karɓi dokokin wasu suka canza suna kawai, ranar da saɓani ya tashi aka rasa wanda ya san abin da ke ciki.

Muhawara mafi tsawo a taron ita ce ko mu nemi rajista a matsayin ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta ta ayyukan agaji da raya ƙasa. Matasa sun fi son haka, don suna ganin ta nan kuɗin waje ke shigowa. Wani ɗan'uwa da ya taɓa aiki da irin waɗannan ƙungiyoyi ya bayyana mana cewa ONG tana da ƙarin takardu da ƙarin nauyi, har da rahoton aiki da na kuɗi da ake jira daga gare ta kowace shekara, abin da sai da akanta da ofishi ake iya riƙewa. Muka tsaya a ƙungiya ta unguwa, kuma har yau ina ganin shi ne daidai ga masu farawa. Manufofinmu ma mun taƙaita su: ziyara, rakiyar asibiti, gyaran muhalli, da taimakon neman takardu. Mun rubuta ƙarara cewa ba ruwanmu da siyasa kuma ba neman riba muke ba. Kuɗin wata mun yanke shi dala 100, wato sefa 500, ga kowane mamba, mai hali ya ƙara. Batun ajiya kuwa matanmu ne suka warware shi, domin da yawansu sun daɗe cikin asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ya samo asali a jihar nan tun 1991. Su suka kawo shawarar akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku, kuma ba a buɗe shi sai a gaban taro.

Daga nan sai takardun shugabanni. An nemi kowannenmu ya kawo kofin katin ɗan ƙasa da aka tabbatar da hatimi, da takardar shaidar zama ɗan Nijar, da kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci. Abu biyu ya kamata a sani game da kaziye. A kotun yankin da aka haifi mutum ake karɓarta, kuma wata uku take yi ta daina aiki. Ma'ajiyarmu haifaffiyar Damagaram ce, sai da ta aika wa ƙanenta takardunta ta mota ya bi mata a can, mu kuma haifaffun Maraɗi muka dakata har tata ta kusa isowa sannan muka nemi namu, don kada wasu su mutu kafin wasu su zo. Wata matsala da ta ɓullo ita ce sunan mataimakin shugaba, wanda aka rubuta sunan mahaifinsa iri ɗaya a takardar haihuwa, wani iri kuma a kati. Ma'aikacin da ya duba dosiyenmu, wato tarin takardun da muka haɗa, ya gano haka nan take, ya ce, “Malam, ko na karɓa a nan, gaba za a dawo muku da shi.” Maimakon jiran gyara a kotu, taro ya amince ya koma mamba wani ya hau kujerarsa. A jera takardun kowane shugaba a kan tabarma a gwada su harafi da harafi kafin a fita daga gida. Tsakanin tambur (kan sarkin da ake manna wa takardun hukuma), bugun takardu a kwamfuta, kofe-kofe da kuɗin kabu-kabu, mun kashe abin da ya ɗan haura jika 40, wato sefa dubu 40, kuma kowane tambur da muka saya mun nemi rasiɗinsa.

Mun miƙa dosiyen a ma'aikatar magajin gari gab da babbar salla. Lokacin bai daɗe ba da aka rusa majalisun gundumomi a watan Afrilu na 2024 aka naɗa masu riƙon ƙwarya, don haka mun fara da tambayar ofishin da ke karɓar takardun ƙungiyoyi kafin mu shiga layi. An karɓi takardun kofi-kofi, aka ba mu rasiɗin wucin gadi. Wanda ya ba mu ya ja kunnenmu cewa wannan shaidar ajiye takardu ce, kada mu ɗauke ta a matsayin izinin yawo kasuwa muna karɓar kuɗin jama'a da sunan ƙungiya. Bayan 'yan makonni aka kira shugabanninmu ofishin 'yan sanda don binciken hali. Gabanmu ya faɗi, domin mutumin gari ba ya jin daɗin kiran 'yan sanda ko da bai yi komai ba, har matar shugabanmu ta so ya janye. Da muka je, tambayoyi ne na sanin mutum: sana'a, iyali, inda kuɗin ƙungiya zai fito, da ko muna da alaƙa da wata jam'iyya ko wasu na waje. Kowa ya amsa nasa, muka koma gida kafin azahar. Daga nan dosiye ya bi ta ofishin gwamna ya nufi Yamai, domin ministan cikin gida ne ke sa hannu a takardar izini. Yamai tana da nisan sama da kilomita 600 daga nan, ba wurin da za a riƙa leƙawa ba ne, saboda haka a karɓi lamba da ranar takardar da aka aika dosiyen da ita, a ba wani ɗan'uwa mazaunin can ya riƙa tambaya da su. Jiran ya ɗauki watanni.

Cikin wannan jira muka shiga hanya ta biyu, a matsayinmu na maƙwabta, da kuɗin aljihunmu. Fiye da rabin tsofaffin da muka rubuta ba su da takardar haihuwa, wasu kuma katinsu ya mutu tun shekaru, ko gara ta cinye shi a cikin adaka. Ba tare da kati ba, babu taimakon hukuma da mutum zai nema a karɓe shi, ko kuɗin da ɗansa ya aiko ba zai iya karɓa da kansa ba. Wanda ba a yi wa rajistar haihuwa a kan lokaci ba sai kotu ta yanke masa hukuncin da zai tsaya a madadin takardar, kuma ana buƙatar shaidu biyu masu katinsu. A nan wahalar take, domin wanda zai shaidi haihuwar mai shekara 80 shi ma sai an ɗauko shi a adaidaita. Ƙiyasin shekaru kuma sai da dabara. Mukan tambayi tsoho abin da yake iya tunawa: ko an haife shi kafin ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa gari ya hau tudu, ko yana da wayo lokacin samun 'yancin kai a 1960, ko ta yi aure kafin yunwar 1974, ko 'ya'ya nawa gare ta a shekarar El Buhari, wato yunwar 1984. Da haka ake kusantar shekarar, a rubuta an haife shi wajen shekara kaza. Waɗannan zaman sun fi komai daɗi a aikin, domin tsohon da ya ƙi magana kan ciwonsa sai ka ga ya gyara zama yana ba da labarin kasuwar gyaɗa. Idan hukuncin ya fito ana kai shi ofishin rajistar haihuwa a ciro takardar, sannan a je neman kati, inda dole mai katin ya je da kansa saboda hoto da zanen yatsa. Lokaci-lokaci alƙalai kan fita zaman ba da irin wannan hukunci a unguwanni da ƙauyuka, kuma mai unguwa ne ke fara jin sanarwar, wani dalili ke nan na zama kusa da shi. Wanda aka haifa a ƙauyen wata gunduma kuwa, can ake komawa da maganarsa.

Rakiyar asibiti ma tana da nata tsari. A asibitin unguwa, wato CSI, ake farawa, su ne za su rubuta takardar turawa babban asibiti idan abin ya fi ƙarfinsu, kuma wanda ya tsallake wannan mataki yakan sha zirga-zirga. Maganin kyauta da aka kawo tun wajen 2006 ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara 5 da wasu ayyukan haihuwa ne, bai haɗa da tsofaffi ba, abin da iyalai da yawa ba su sani ba sai a bakin taga. Daga watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya a asibitocinta, kuma mun ga sauƙin hakan a littafinmu. Sai dai nauyin da ya fi girma yana kantin magani, musamman ga masu hawan jini da ciwon suga, waɗanda maganinsu ba ya yankewa. Mun koyi roƙon likita ya rubuta magani da sunansa na asali, wanda ya fi araha, in akwai shi. Ga wanda ba shi da kowa, akwai takardar shaidar rashin galihu da ake nema a ma'aikatar magajin gari. Ma'aikatan jin daɗin jama'a kan yi bincike, su tambayi maƙwabta da mai unguwa, kuma da takardar ake zuwa sashen taimakon marasa ƙarfi na asibiti a nemi sassauci. Ba ta ɗauke komai da komai, kuma ba a neman ta ranar da ciwo ya tashi, tun mutum na da lafiya ake fara bin ta. Kowane tsoho mun buɗe masa ƙaramin littafi da ke zaune a ɗakinsa, ana rubuta ranar awo, maganin da aka ba shi da ranar komawa, don duk wanda ya zo rakiya ya san inda aka tsaya. Ɗan aikin sa kai ba ya ba da magani da ra'ayinsa, wannan doka ce a wurinmu.

Ruwan da aka yi a ƙarshen watan Agusta na 2024, wanda ya rushe gidaje da dama a Maraɗi har aka rasa rayuka, ya same mu ba mu da izini a hannu, amma muna da jerin sunaye, mun kuma san ɗakin da ya tsage. A daren samari suka bi gidajen suka fitar da waɗanda ke cikin haɗari zuwa gidajen maƙwabta. Da aka zo rubuta waɗanda abin ya shafa, masu sabon kati ba su sha wahalar shiga jerin ba. Bayan damina muka kira gayya, magina biyu suka ba da yininsu kyauta, wani ɗan kasuwa ya ba da kwano, 'yan fada, wato samarin majalisar shayi ta unguwa, suka kwaɓa ƙasa, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Takardar izini ta iso cikin sanyi. Mun yi murna, amma da sauran aiki, domin doka ta ba da kwana 30 a buga sanarwar kafuwar ƙungiya a jaridar gwamnati, kuma ƙungiya ce ke biyan kuɗin bugawar. Wakilinmu na Yamai ya biya ya aiko mana da rasiɗi, daga baya ya aiko da kofin shafin. Da takardar izini da wannan shafi da rahoton taron da ya naɗa masu sa hannu muka buɗe asusun ajiya, da sharaɗin ba a fitar da ko dala sai da hannun mutum biyu. A tanadi kuɗin wannan mataki tun farko, don yana zuwa ne lokacin da akwati ya riga ya yi sauƙi.

Abin da ya rage in faɗa ya shafi riƙe mutane. Ranar kafawa farfajiya ta cika, amma waɗanda suka dawwama ba su kai rabi ba, kuma ban ga laifin kowa ba, domin mai neman abincin yini ba zai bar rumfarsa ya wuni a layin asibiti kullum ba. Tsarin da ya zauna mana shi ne kowane tsoho a ba shi mutum biyu, kada a ɗora wa kowa fiye da gida biyu, a kuma haɗa mutum da gidan da ke kusa da nasa. Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke zaune a unguwarmu sun fi amfani wajen cike takardu da fassara bayanin likita, sai dai da hutu suke tafiya, don haka ba ma barin gida a hannun ɗalibi shi kaɗai. Kuɗin kabu-kabu daga akwati yake fita, domin wanda ya ba da lokacinsa bai kamata a bar shi da biyan hanya ba. Dangi kuwa kullum ana sanar da su abin da aka yi, ko suna nesa a kira su a waya, saboda wasu kan ji kamar an tona musu asiri, kuma idan suka ɓata rai ƙofar gidan ce za ta rufe. An taɓa samun mai hali da ya yi tayin buhunan shinkafa da sharaɗin a ɗauki hoton rabon a sa a Facebook. Mun gaya masa sharaɗin mai unguwa, muka ba shi zaɓin ya zo ya ga littafin rabo da idonsa, ya kuwa amince da hakan.

Duk wani canji da aka yi a shugabanni ko a dokoki ko a mazaunin ƙungiya, sai an rubuta an sanar da ofishin da aka fara ajiye dosiye, a karɓi shaida. Mu ma haka muka yi da ma'ajiyarmu ta koma Damagaram aka zaɓi wata. Asalin takardar izini tana wurin shugaba cikin leda, kofinta da aka tabbatar da hatimi shi ne ke yawo ofis-ofis.